Titin da ya shekara 30 a takarda ba a gina shi ba: labarin LOMEX da jan fentin gidan kawu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna zaune wajen mai shayi a Tudun Wada musu ya kaure kan gadar sama ta Ƙofar Doka, wannan na cewa ai tunda aka yi ta gosulo ya ragu, wancan na cewa ina, matsawa kawai ya yi gaba, sai wani ƙanenmu da ke karatun tsara birane a Samaru ya ajiye kofinsa ya ce min, “Yaya, ka san akwai titin da ba a taɓa ginawa ba amma har yau shi ake koya mana a aji?” Na ce kai dai ka cika iyayi, titin da babu shi me za a koya a kai. Ya ce to ka je ka bincika LOMEX. Na bincika ɗin kuwa, kuma wallahi tun ranar abin ke min yawo a kai, don ya taɓo wani abu da na gani da idona a gidan kawuna, zan zo kansa.

Bari mu fara da wurin. Manhatan tsibiri ne, shi ne cibiyar birnin Niyok a Amurka, dogo ne siriri, kogin Hudson ta yamma, wani ruwan kuma ta gabas. A can ƙasan tsibirin ta yamma akwai hanyar ƙarƙashin ruwa da ake kira Holland, an buɗe ta 1927, ita ke shigo da motoci daga jihar New Jersey. Ta gabas kuma akwai gadoji biyu da ke tsallakawa zuwa Buruklin, wani ɓangaren birnin, gadar Williamsburg ta 1903 da gadar Manhatan ta 1909. To duk babbar motar da ta fito daga ramin nan tana son zuwa Buruklin dole ta ratsa cikin unguwanni, yawanci ta titin Canal, danja bayan danja, ga masu tura kaya ga masu tsallaka titi. Ka ɗauka kamar a ce tirelolin da suka taso daga Kaduna za su Kano babu wata hanya sai sun bi ta cikin kasuwar Sabon Gari. Matsalar gaskiya ce, ba ƙirƙirarta aka yi ba, wannan ya kamata a faɗa tun farko don masu ba da labarin nan suna yawan tsallake shi.

Maganin da aka kawo shi ne Lower Manhattan Expressway, a taƙaice LOMEX. Titi ne na sama mai layi 10, a ɗora shi kan ginshiƙai ya bi ta saman titin Broome ya haɗe ramin da gadojin biyu, tsawonsa duka bai wuce kilomita 2 da ɗan wani abu ba, wato bai kai daga PZ zuwa Kwangila ba. Hukumar tsara birnin ta sa hannu a kan ra'ayin tun 1941. Amma wannan ɗan guntun titin zai ci gine-gine sama da 400, ya tashi iyalai kusan 2,000, da shaguna da ƙananan masana'antu wajen 800. Unguwar 'yan Italiya, gefen unguwar 'yan Cana, da yankin da yanzu ake kira SoHo duk suna kan layin.

Mutumin da ke tura aikin shi ne Robert Moses, kuma idan ba ka fahimci wane ne shi ba ba za ka gane girman abin da ya faru ba. Mutumin nan bai taɓa cin zaɓe ba a rayuwarsa, sau ɗaya ya tsaya takarar gwamna a 1934 ya sha mugun kaye, amma ya fi shekara 40 yana juya Niyok yadda ya ga dama, akwai lokacin da yake riƙe da muƙamai har 12 a lokaci guda. Magadan gari suna zuwa suna tafiya shi yana nan. Sirrin ƙarfinsa kuɗin tol get ne, hukumar gadar Triborough da yake shugabanta ita ke karɓar kuɗin da masu mota ke biya a gadoji, kuɗin ba ya bi ta baitulmalin birni balle kansiloli su riƙe masa wuya, da shi yake cin bashi ya yi sabon aiki, sabon aikin ya kawo sabon kuɗi. Yana da injiniyoyinsa, yana da lauyoyinsa, zanensa a shirye yake kafin kowa ya farka. Salonsa kuma sananne ne, ya fara aiki ya kafa ginshiƙi ya kashe kuɗi, sannan ya ce to yanzu wa zai ce a tsaya a yi asara. Mu ma nan mun san irin wannan, a zo a kafe katafila a bakin unguwa tukuna sannan a kira taron masu ruwa da tsaki.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne dokar manyan tituna ta 1956 zamanin shugaba Eisenhower. Dokar ta ce duk titin da ya shiga cikin tsarin manyan titunan tarayya, gwamnatin tarayya za ta biya kashi 90 cikin 100, jiha ta cika sauran. To ka duba fa, aikin kusan dala miliyan 100 amma birni kusan ba zai cire komai daga aljihunsa ba, ga kwangila ga aikin yi ga leburori, wane ɗan siyasa ne zai ce a mayar da kuɗin? Ƙungiyoyin ƙwadago na magina suna so, manyan 'yan kasuwar ƙasan Manhatan ƙarƙashin David Rockefeller suna so. Kuɗin kuma na titi ne kawai, ba za ka ce a ba ka shi ka gyara jirgin ƙasa ko ka sayi bas ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa birane da yawa a Amurka suka tsaga cikinsu da kansu a shekarun nan, ba wai duk masu mulkinsu mahaukata ba ne, garaɓasa ce aka ajiye musu a gaba. A 1960 majalisar da ke riƙe da kuɗi da filayen birnin ta amince da layin, aka zana shi a taswirar hukuma.

Nan ne wurin da na fi so a tsaya, don shi ne mutane ba sa lura da shi. Daga ranar da aka ja layi a taswira, titin ya fara aiki ko da ba a zuba ko shebur ɗaya na kankare ba. Mai gida ba zai gyara rufi ba tunda gobe za a rushe. Banki ba zai ba da bashi a kan ginin da ke kan layi ba. Mai masana'anta da ya samu dama sai ya kwashe injinansa ya koma wani wuri tun kafin a kore shi. Gine-gine suka yi ta lalacewa, gobara ta yi yawa a yankin har 'yan kwana-kwana suka yi masa laƙabi da wani suna mai nufin fegin jahannama. Sannan sai masu son titin su nuna wurin su ce kun gani ko, ai dama kango ne, me za a yi asara. Alhali layin da suka ja ne ya taimaka wajen mayar da shi kangon.

Na san wannan ba a littafi ba. Kawuna yana da gida a wata unguwa a nan Zariya, ginin ƙasa ne mai zaure da shago biyu a gaba, wata rana muna yara wasu ma'aikata suka zo da tef da bokitin fenti suka auna suka yi wa bangon zauren gicciye da jan fenti, suka rubuta wasu lambobi, suka ce za a faɗaɗa hanya. Ba su sake dawowa ba. Damina ta zo indararo ya karye ruwa ya riƙa bin bango, na ce masa kawu ba za a kira magini ba, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, wa zai zuba siminti a gidan da katafila ke jira?” Shekara ta zagayo bai yi yaɓe ba, wata ta zagayo haka, telan da ke haya a shago ɗaya ya tashi don ya ce gara ya nemi wuri tun da sauran mutunci, aka sa gidan a kasuwa dillali ya kawo mutum uku, kowanne da ya hango jan fentin sai ya ce zai yi shawara. Fentin nan har ya koɗe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa amma kowa a layin ya san yana nan. To ka ninka wannan sau 400, ka sa shi ya shekara kusan 30, shi ne abin da unguwannin titin Broome suka zauna a ciki.

Su kuma mutanen unguwar ba tsoron banza suke ji ba, sun ga misali a maƙwabta. Moses ɗin nan shi ya yi titin Cross Bronx, wanda aka fara 1948 ba a gama ba sai 1972, a wani yanki guda da ake kira East Tremont kaɗai iyalai sama da 1,500 aka tasa, duk da mazauna wurin sun kawo shawarar a ɗan karkata layin ta gefen wani filin shaƙatawa a tsira da yawancin gidajen, ya ƙi. Shi da bakinsa ya taɓa cewa idan kana aiki a birnin da ya cika da gini dole ka sare hanyarka da gatarin mahauta. Bayan titin ya wuce unguwar ta mutu murus, waɗanda suka rage ga ƙara ga hayaƙi, masu hali suka gudu.

Wanda ya fara tara mutane a kan LOMEX ba wani babban ɗan boko ba ne, wani limamin coci ne a titin Broome mai suna Gerard La Mountain, wanda cocinsa da gidajen mabiyansa duk suna kan layi. Shi ya je ya roƙi Jane Jacobs ta shigo. Ita kuma 'yar jarida ce, ba ta da digiri a tsara birane, ba ta ma da digiri kwata-kwata, uwa ce mai 'ya'ya uku da ke zaune a unguwar Greenwich Village a nan Manhatan, amma a 1961 ta fitar da littafin da ya girgiza masu tsara birane. Abin da take cewa a taƙaice, unguwar da kuke gani a hargitse kuna kiranta ƙazanta tana da tsarinta, mai shago da ke zaune bakin ƙofa yana ganin wanda ya shiga da wanda ya fita, tsohuwa a taga, yara a bakin titi, gida a sama sana'a a ƙasa, wannan cakuɗuwar ita ce tsaro kuma ita ce arziki. Ni da na karanta bayanin sai na yi dariya, don abin da ta wahala tana yi wa Turawa bayani shi ne zaman zaure da dakali da muka tashi a ciki, ka shiga lungu a cikin birni wajen Babban Dodo ko Ƙofar Kuyambana a matsayin baƙo ka ga ko za ka yi taku ashirin ba a tambaye ka gidan wa kake nema ba.

Kuma ba wannan ne karonta na farko da Moses ba. A shekarun 1950 ya so ya ratsa titi ta tsakiyar dandalin Washington Square da ke unguwarsu, matan unguwa ƙarƙashin wata Shirley Hayes suka tashi, Jacobs na cikinsu, ƙarshenta ba a yi titin ba har ma aka rufe dandalin ga motoci gaba ɗaya. Jacobs ta ba da labarin cewa a wajen wani zama kan wannan rigimar ta ji Moses yana faɗa cikin fushi cewa babu mai adawa da aikin sai tarin iyaye mata. Raini ne ya ja masa.

Dabarar da kwamitin hana LOMEX ya bi ita ce ta fi burge ni, don ba ihu kawai suka yi ba. Na farko sun haɗa mutanen da a da ko gaisawa ba sa yi, 'yan Italiya, Yahudawa, 'yan Cana, 'yan Puerto Rico, masu shaguna, malaman jami'a, 'yan jam'iyyu masu gaba da juna, kowa da dalilinsa amma buƙata ɗaya. Na biyu, kuma wannan shi ne ƙashin bayan abin, sun ƙi yarda a ja su cikin cinikin diyya ko na inda za a mayar da su. Duk wanda ya zauna taron rusau ya san yadda ake yi, da zarar an fara maganar nawa za a ba kowa to magana ta ƙare, an raba kanku, mai babban gida ya karɓa ya yi shiru, ɗan haya ya tashi a tutar babu. Su suka ce ba mu zo tattauna yadda za a yi titin ba, mun zo ne a soke shi. Na uku sun iya jan hankalin 'yan jarida, suna zuwa zama sanye da abin rufe fuska na kariya daga hayaƙi, sun yi jana'izar wasa ta unguwar a kan titi. A Disamba 1962 bayan zaman sa'o'i da yawa majalisar birnin ta yi watsi da aikin baki ɗaya, mutane suka yi ta murna suna rungumar juna.

Sai dai an yi watsi da aikin ne amma ba a goge layin daga taswira ba, kuma muddin layi na nan aiki bai mutu ba, suma ya yi. Ba a jima ba ya farfaɗo. Magajin gari Robert Wagner da ya bi sahun masu ƙi a 1962 ya juyo ya goyi baya kafin ya sauka a 1965. John Lindsay ya yi kamfen yana sukar titin sama, da ya hau kujera a 1966 sai ya ce to ba za a yi na sama ba, za a yi shi a cikin rami a gina gidaje da makarantu a kansa, wato an canza wa tuwo suna. Har wani shahararren mai zanen gine-gine Paul Rudolph ya zana wasu dogayen benaye masu siffar tsani da za a jera a kan titin, idan ka ga hoton kamar garin aljanu. Kowane sabon zane yana nufin sabon zama, sabon kuɗin lauya, sabuwar shekara ta rashin barci ga mutanen da ke kan layi, kuma hukuma ba ta gajiya don albashi ake biyanta ta zauna, kai kuwa sai ka rufe shago ka je.

Ranar 10 ga Afrilu 1968 aka kira zaman jin ra'ayin jama'a a wata makarantar sakandare, Seward Park. Doka ce ta wajabta zaman, su kuma jami'an sun riga sun gama shawara, abin da ya rage a cika takarda. Har makirufon da aka ajiye wa jama'a an juya shi yana kallon 'yan kallo ne maimakon jami'an da ke kan dandamali, wato ku yi ta yi wa junanku magana. Jacobs ta tashi ta nuna wannan, ta ce tunda ba sa ji daga nan bari mu hau inda suke, jama'a suka bi ta suka hau dandamalin, cikin hargitsin nan takardar na'urar mai ɗaukar bayanin zaman ta warware ta zube ƙasa aka tattake ta aka yayyaga. Sai ta ce tunda babu rubutaccen bayani to ba a yi zama ba. Aka kama ta, aka tuhume ta da tayar da tarzoma da ɓarnata kaya, daga baya aka sassauta zuwa ƙaramin laifi. Kamun nan ya fi kowace zanga-zanga amfani, don washegari duk jaridu sun ɗauka, mace mai shekara 51 da tabarau a hannun 'yan sanda saboda titi.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu ba da labarin kamar fim, jaruma ɗaya ta kayar da azzalumi ɗaya. Ba haka abin yake ba. A shekarar 1968 ɗin nan Moses ya riga ya rasa ƙarfinsa, kuma ba Jacobs ce ta karɓe ba, gwamna Nelson Rockefeller ne ya haɗe hukumar Triborough cikin sabuwar hukumar sufuri ta jiha ya bar dattijon da muƙamin mai ba da shawara, kura ce ta ci kura. Ita kanta Jacobs a cikin 1968 ta kwashe iyalinta ta koma Toronto a Kanada, babban dalili kar a kwashi 'ya'yanta maza zuwa yaƙin Biyetnam, ba ta ma gari lokacin da aka yanke hukuncin ƙarshe. Sannan zamani ya juya, rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn da aka fara a 1963 ya ba mutane haushi har aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, ga shi kuma a kan layin LOMEX akwai gine-ginen ƙarfen zubi na ƙarni na 19 da babu irinsu da yawa a duniya, ciki har da ginin Haughwout na 1857 inda aka fara sa lifta mai ɗaukar mutane. Binciken iska ya nuna hayaƙin motocin da zai taru a ramin zai yi wa mutanen da za a zaunar a kai illa. Kuɗin aikin kullum ƙaruwa yake. Uwa uba Lindsay na neman tazarce a 1969 kuma yana cikin matsala, ya lissafa ƙuri'u. A Yulin 1969 ya sanar cewa aikin ya mutu, aka goge shi daga taswirar birni, a 1971 gwamna Rockefeller ya cire shi daga jerin titunan tarayya. Abin da mutanen unguwa suka yi shi ne sun riƙe ƙofa shekara tara har sauran abubuwan suka iso, ba ƙaramin aiki ba ne, amma da a 1950 aka yi wannan faɗan da sun sha kashi kamar mutanen East Tremont.

A Toronto ma ta tarar da irinsa, titin Spadina, ta shiga cikin masu adawa, a 1971 firimiyan Ontario Bill Davis ya soke shi bayan an riga an gina wani sashe. Daga 1973 kuma dokar Amurka ta ba birane damar musanya kuɗin titin da suka fasa su zuba a jirgin ƙasa da bas, wanda da tun farko akwai wannan zaɓin da rigimar ba ta kai haka ba.

To su wa suka ci riba? Nan ma labarin ba shi da daɗi kamar yadda ake zato. A shekarun da layin ya kashe darajar wurin, haya ta faɗi warwas, sai masu zane-zane da sassaƙa marasa kuɗi suka riƙa shiga tsofaffin ɗakunan masana'antu suna kwana a ɓoye don doka ba ta yarda a zauna a ciki ba. Su ma sun shiga faɗan hana titin. A 1971 aka halatta musu zama, a 1973 aka ayyana SoHo a matsayin yankin tarihi. Daga nan masu kuɗi suka gano wurin. Yau SoHo na cikin unguwanni mafi tsada a Amurka, shagunan kayan ƙawa ne a jere, masu ɗinki da masu haɗa kwali da leburorin da aka yi faɗan don su babu su, yawancin masu zanen ma haya ta kore su, unguwar 'yan Italiya ta tsuke ta koma 'yan layuka na gidajen abinci don baƙi. An tsira da ginin, mutanen kuwa abin da katafila ba ta yi ba kuɗin haya ya yi a hankali. Titin Canal kuma har gobe a cunkushe yake, sai a Janairun 2025 aka fara karɓar dala 9 daga motocin da ke shiga ƙasan Manhatan don rage cunkoso.

Da na koma wajen ƙanen nan nawa da wannan bayanin sai ya ce to Yaya kai kana bayan wa. Na ce ni ba na gaba da titi, wanda ya taɓa kwana a hanyar Kaduna saboda tirela ta faɗi ba zai ce ba ya son titi ba, kuma garin da ke girma kamar Zariya dole wata rana a taɓa gidan wani. Abin da ya tsaya min shi ne bambancin yadda aiki ke mutuwa a can da nan. A can an yi zama, an yi ƙuri'a, an sa rana an goge layi, mai gida ya san matsayinsa ya kira magini. A nan aikinmu ba ya mutuwa kuma ba ya rayuwa. Jirgin cikin gari na Legas da gwamna Jakande ya ƙaddamar a 1983 gwamnatin soja ce ta soke shi a 1985 daga sama, ba wanda ya tambayi mazauna gari, sai 2023 Legas ta ga jirgin cikin gari ya fara ɗaukar fasinja. Wannan ma an san ranar da aka soke shi kenan. Mafi yawa gwamnati ce ke canzawa, fayil ya kwanta, ba wanda zai fito ya ce an fasa don kar a ce ya hana ci gaba, ba kuma wanda zai zo ya yi. Ga dokar amfani da ƙasa ta 1978 da ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ka gina ko ka shuka a kai ce. To ka ga mugun lissafin, shekarun da ka yi kana jira ba ka gyara ba ginin yana lalacewa, ranar da mai kimantawa zai zo abin da ya tarar shi zai rubuta.

Akwai wani ɗan abu da ya rage na LOMEX. A farkon shekarun 1960 lokacin da ake haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a titin Chrystie, an gina wani ɗan guntun sashe na titin a ƙasa tun da wuri don kar a sake haƙa idan aikin ya iso, shi kaɗai ne abin da aka taɓa ginawa a cikin aikin gaba ɗaya, yana nan a rufe mutane na wucewa ta kansa ba su sani ba. Gidan kawu kuwa bayan rasuwarsa magada suka sayar da shi a rabin kuɗin da maƙwabcinsa na bayan layi ya sayar da nasa, wanda ya saya ya rushe zauren ya yi shaguna huɗu na bulo ya shafe su da koren fenti, na bi ta wajen da azumin bana na tarar mai cajin waya ne a wurin da gicciyen yake, na tambaye shi ko ya taɓa jin za a faɗaɗa hanyar, ya ce shi dai tun da ya kama haya ba wanda ya ce masa komai.